Titi ya iso gindin ganuwa: me kuka gani da idonku?

Ɗan Kwarbai: Assalamu alaikum jama'a. Makon jiya na kai yarona ya ga inda muke hawa ganuwa muna yara, wajen Ƙofar Gayan a nan Zariya. Na yi ta nuni da hannu, shi kuma yana tambaya, "Baba, ina ganuwar take?" Tudun jar ƙasa ne kawai ya rage, ga kwata a gindinsa. Ina son titi, kada wani ya juya mini magana. Amma duk wanda aikin hanya ya biyo ta kusa da ganuwa ko wata tsohuwar ƙofa a unguwarsu, ya ba mu labari.

Mai Keke Napep: Wa alaikumus salam yayana. Ni dai a kan titi nake neman abinci. Kafin a yi gadar sama ta Ƙofar Doka, ranar Juma'a ko lokacin hawan sallah sai ka ƙone man ɗari biyar kana tsaye wuri ɗaya. Na taɓa ɗauko mai naƙuda daga cikin birni za mu asibiti a Tudun Wada, Allah ne kaɗai ya kai mu. Wanda bai ga wannan ba shi ne zai ce a bar hanya yadda kakanni suka bar ta.

Tsohon Magini: Ɗana, ba wanda ya ce a bar mai naƙuda a hanya. Amma ku saurara, don da ƙasa na ci abinci shekara da shekaru. Katafila ba ita ce babbar mai kashe ganuwa ba, ruwa ne. In an zuba kwalta an ɗaga titi, ruwan da a da yake nutsewa a ƙasa sai ya nemi gangare. A wajenmu masu aikin sun juya bakin kwalbati ya kalli ganuwa. Na je na sami babbansu na ce, ranka ya daɗe, ginin ƙasa daga ƙafa yake mutuwa, in gindi ya jiƙe sama zai biyo shi. Ya yi dariya ya ce zane daga ofis ya zo. Damina biyu aka yi, wajen ya zauna. Da can akwai gwalalo a bayan ganuwa, ramin da aka ɗebi ƙasar ginin, shi ke shanye ruwan. Yanzu an cike shi da shara an yi shaguna a kai. Kuma a da duk shekara bayan damina ana fitowa gayya a yi yaɓe. Yaushe rabon da ku ga an yi?

Maman Husna: Baba, gaskiya kuka faɗa, amma mu ma da namu laifin. Da aka buɗe sabuwar hanya ta bayan gidanmu, filin wajen ya yi daraja. Da dare muna jin tifa na shigowa, da safe sai mu ga an ƙwaƙule gefen ganuwa an kwashi ƙasa. 'Yan unguwa ne, mun san su, da su muke gaisawa. Ba ɗan kwangila ba ne ya yi wannan.

Ɗalibar Samaru: Mun taɓa zagaya ƙofofin da malaminmu, daga Kuyambana zuwa Kona, Bai, Galadima, Jatau har Kibo. Abin da ya ba ni mamaki, ganuwar Zazzau tana cikin wuraren tarihi na ƙasa da doka ta kare, ƙarƙashin hukumar kula da gidajen tarihi ta tarayya, amma a unguwannin da muka tsaya kusan ba wanda ya san haka. A inda titi ya yanka ganuwa kuwa, za ka ga tarihin ginin a fili: shimfiɗa kan shimfiɗa, har da fasassun tukwane a ciki. Da ana kiran masu binciken kayan tarihi kwana kaɗan kafin gireda ta shiga, ko hoto da awo sun ɗauka. A Kano ma an rushe Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa titi, aka sake gina wata. Sunan yana nan, ƙofar ce dai ba ita ba.

Tsohon Magini: 'Yata, kin tuna mini Masallacin Juma'a na fada, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu tun wajen 1830 da 'yan kai. Da wani sashe na rufinsa ya rufta a kan masallata a watan Agustan 2023, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, sai na ji matasa na cewa ginin ƙasa ya ƙare. Ginin da ya kusa shekara 200 a tsaye! Kulawa yake so, kamar tsoho.

Ɗan Kwarbai: Amin, Baba. To ga abin da ya sa na tayar da zancen: an shafa jan fenti a layinmu, alamar faɗaɗawa, kuma layin ya ci wani guntun ganuwa. Ta ɗaya gefen fili ne da bola, in aka ɗan karkatar da hanyar ba gidan da zai tafi. Mai unguwa ya ce mu rubuta takarda ya kai wa hakimi. Baba Magini, ko za ku zo ranar Asabar bayan la'asar ku duba mana inda ruwan zai bi, mu sa a ciki?

Tsohon Magini: In Allah ya kai mu. A turo yaro da mashin ya ɗauke ni, gwiwar ba ta son tafiya yanzu.