Neman kalma: me za mu kira fim ɗin da ke ba ka dariya alhali ga gawa a kwance?

Jama'a, kalma ɗaya ce ta tsaya mini a wuya. Ina tsara finafinan da na ga sun cancanci a kalla, na kasa su gida uku: na masu laifi, na yaƙi, na ban dariya. Sai waɗanda na fi so suka ƙi zama a gida ɗaya. In na sa su cikin na yaƙi, su yi ta ba ni dariya. In na mayar da su cikin na ban dariya, sai ga gawawwaki. Da Turanci wasu kan ce black comedy, wasu dark comedy. Mu fa, me za mu ce?

Bari in fara nuna abin, kada mu raɗa wa jaririn da ba mu gani ba suna.

Dr. Strangelove, na Stanley Kubrick, ya fito a 1964, ba a fi shekara ɗaya da 'yan watanni ba bayan Amurka da Tarayyar Sobiyet sun kusa gwabzawa da makaman ƙare dangi a kan Kuba. Wani janar ɗin Amurka ya sami taɓin hankali, ya tura jiragen yaƙi su jefa wa Sobiyet nukiliya ba da sanin kowa ba. Shugaban ƙasa ya ɗauki waya yana lallashin takwaransa na Mosko, wanda ya sha ya yi tatul, kamar mai ba da haƙuri don akuyarsa ta yi ɓarna a gonar maƙwabci. Peter Sellers shi kaɗai ya fito a matsayin mutum uku. A ƙarshe wani matuƙi ya hau bam kamar doki, yana kaɗa malafa yana ihu, suka sauka tare. Duniya ta ƙare kana dariya. Littafin da aka ɗauko labarin daga ciki babu wasa a cikinsa. Kubrick ne da ya zauna rubutawa ya ga abin ya fi kama da hauka, sai ya bar shi a haukansa.

Na masu laifi kuwa, ga Fargo na 1996. Dillalin motoci ne bashi ya yi masa katutu, ya yi hayar wasu sakarkarun 'yan ta'adda biyu su sace matarsa don surukinsa mai kuɗi ya biya fansa. Komai ya kwaɓe. Mai binciken kisan 'yar sanda ce mai tsohon ciki, ga fara'a, ga son abinci, tana duba gawa a cikin ƙanƙara tana hirar yau da kullum.

To irin wannan nake nema wa suna.

Da na jefa wa jama'a tambayar, amsar farko da ta iso ita ce wadda na zata: "baƙin barkwanci" ko "baƙar dariya". Malam, na gode, amma ban karɓa ba, kuma ga dalili. Asalin sunan ma ba na Turanci ba ne, daga Faransanci ya yaɗu. Marubucin Faransa André Breton ya tara irin wannan raha a wani kundi da aka buga a 1940, ya kira ta baƙa. A wurinsu baƙin yana nuni da mutuwa da makoki. A wurinmu kuwa duba inda baƙi yake zuwa: baƙin hali, baƙar zuciya, baƙar magana, baƙar aniya. Kusan kullum mugun abu ne da ke fitowa daga wani zuwa wani. In ka ce wa Bahaushe wane ya yi baƙin barkwanci, abin da zai ji shi ne ya yi wasan da bai dace ba, ya ɓata wa mutane rai. Hukunci ne a kan mai wasan, bai gaya maka irin wasan ba. Ga kuma matsalar rubutu: ba ma sa alamar karin sauti, don haka "baƙin" na launi da "baƙin" da suka zo daga nesa kamarsu ɗaya a takarda.

Wata 'yar'uwa ta ce "dariyar ƙeta". Wannan ta fi kusa, don akwai wahalar wani a ciki. Sai dai mai dariyar ƙeta daɗi yake ji, yana gefe, abin bai taɓa shi ba. Wanda ya kalli No Man's Land ya san ba haka abin yake ba. Fim ne na 2001 a kan yaƙin Bosniya, na Danis Tanović, wanda ya ci Oscar na fim ɗin harshen waje. Sojoji biyu maƙiyan juna sun maƙale a rami ɗaya tsakanin dakarun ɓangarorin biyu, ga na uku kwance a kan nakiya, da ya motsa za ta tashi da su duka. Suna musun wa ya fara yaƙin, kuma duk wanda bindiga ke hannunsa a lokacin shi ne mai gaskiya. Sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya suka zo, 'yan jarida suka zo, aka yi ta kai da kawowa. Daga ƙarshe aka yi wa 'yan jarida ƙaryar an cece shi, kowa ya watse, aka bar bawan Allah kwance a kan nakiyarsa rana tana faɗuwa. Ka yi dariya a hanya, ƙwarai kuwa, amma ba shi kake yi wa ba. Babu ƙeta a nan ko ƙwayar zarra.

"Wasa da mutuwa" ma an kawo. Wannan tana da mai ita: ganganci ke nan.

Inda muka daɗe shi ne kan zambo da habaici, kuma wanda ya kawo su ya san abin da yake faɗa. Hujjarsa The Great Dictator na Charlie Chaplin, 1940, inda ya mayar da Hitler abin dariya tun Hitler yana kan ganiyarsa. Ya ƙara da The Death of Stalin na 2017, inda Stalin ya faɗi a ɗakinsa a 1953, masu gadi suka ji ƙarar faɗuwar amma tsoro ya hana su leƙawa, manyan gwamnati kuma suka taru a kansa suna shawarar ko a kira likita, alhali ƙwararrun likitocin duk shi ya sa an kame su. Rasha ta janye izinin nuna fim ɗin a farkon 2018, 'yan kwanaki kafin a fara haska shi. Mai wannan hujja ya ce in ba zambo ba ne, me ya sa ya yi zafi haka?

Gaskiyarka, Malam, waɗannan biyun zambo ne. Amma zambo yana da wanda aka nufa. Mawaƙi ba ya zambo a iska. Akwai abokin hamayyar ubangidansa da yake so a ji kunya, ko ya ambaci kamanninsa ko ya sakaya ya koma habaici. To wa aka yi wa zambo a Fargo? Babu sarki, babu gwamnati, sai wawanci da kwaɗayin ƙaramin mutum. Ina ganin mu ajiye zambo ga abin da Turawa ke kira satire, don ita ma tana buƙatar suna, kuma ya zauna mata daram. Fim ɗaya zai iya zama duka biyun, kamar yadda na Stalin ɗin yake. Abin da muke nema shi ne sunan ɗaya ɓangaren, wanda ke nan ko da babu wanda ake caccaka. (Chaplin da kansa ya rubuta daga baya, a tarihin rayuwarsa na 1964, cewa da ya san haƙiƙanin abin da ake yi a sansanonin Nazi da bai iya yin fim ɗin ba. Wato shi zambo ya nufa, bai san a bakin kabari yake tsaye ba.)

Wani abu ya faɗo mini muna cikin wannan musu. Muna ta yi kamar baƙon abu ne za mu nema wa masauki, alhali harshen cike yake da shi. "Ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata." Tsaya ka dubi maganar nan. Mutum ne abincin shekararsa kaf ya tafi, yunwa ce a gabansa, amma aka tsara ta yadda dole ka murmusa. "Abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo." Jamusawa suna da kalmarsu da ke nufin rahar bakin igiyar rataya, kuma misalin da Freud, masanin halayyar ɗan Adam, ya bayar shi ne na mutumin da za a rataye ran Litinin, ya ce lallai makon nan ya fara da kyau. Shi da mai dami ɗaya 'yan gida ɗaya ne. Ke nan abin muna da shi, rukunin ne ba mu taɓa yi wa suna ba.

Sai wata Malama ta rubuto kalma ɗaya tak: yaƙe.

Na daɗe ina kallonta. Yaƙe shi ne buɗe haƙora ba don daɗi ba. Wanda aka kunyata a cikin mutane yana yi, wanda ciwo ke ci yana ɓoyewa yana yi, kuma kowa ya san ƙarashen maganar: murmushin yaƙe, wanda ya fi kuka ciwo. Fuska tana dariya, ciki yana wani abu dabam. Malama, Allah ya ƙara basira, ina jin kin harbo ta.

Ga gwajin da na yi mata. Blackadder Goes Forth shiri ne na BBC mai kashi shida, 1989, da Rowan Atkinson, wanda aka fi sani da Mr Bean. Kyaftin ne a ramukan Yaƙin Duniya na Ɗaya, a 1917, ba shi da aiki sai ƙulla dabarar da za ta hana a tura shi gaba a kashe. A kashi na ƙarshe har haukan ƙarya ya yi, ya kifa ɗan kamfai a ka, ya cusa fensir biyu a hanci. Bai yi aiki ba. Aka busa usur, suka fito daga rami suka nufi harsasai, hoton ya yi ta raguwa da gudu har filin dagar ya rikiɗe ya zama filin jajayen furanni, sai kukan tsuntsaye. Minti kaɗan kafin nan kana ƙyaƙyatawa. Haƙoranka na waje har yanzu, ba su sami labarin an daina ba. Wannan abin da ya rage a fuskarka, in ba yaƙe ba, mene ne?

An kawo suka biyu, kuma dukansu masu nauyi ne.

Na farko: yaƙe na wanda abin ya shafa ne, mai kallo kuwa dariyar gaske yake yi. Na yarda da rabi. Dariyar tana farawa da gaske, amma waɗannan finafinai an gina su ne don ta maƙale maka a tsakiya. Parasite na Bong Joon-ho, wanda a 2020 ya zama fim na farko da ba na Turanci ba da ya ci babbar kyautar Oscar, rabinsa na farko dariya ce zalla: talakawa 'yan gida ɗaya suna shiga aikin gidan mai kuɗi ɗaya bayan ɗaya da ƙarya. Daga daren da aka buɗe ƙofar ɗakin ƙarƙashin ƙasa, duk dariyar da ka yi sai ka ji kamar bashi ka ci. Sannan sau da yawa mutanen cikin labarin su ma yaƙen suke yi. Likitocin M*A*S*H, shirin da ya shekara goma sha ɗaya, daga 1972 zuwa 1983, a kan yaƙin Koriya da shi kansa shekara uku ya yi, suna zolayar juna ne hannuwansu cikin cikin samarin sojojin da aka harbo. In ba su yi ba za su zauce. Kalmar ta kama mai kallo, ta kama na cikin fim.

Har ma ta ɗan zarce ta Turancin. Life Is Beautiful na Roberto Benigni, 1997, inda uba ya shawo kan ɗansa cewa sansanin Nazi wasa ne na tara maki, ba kowa ke sa shi a wannan rukuni da Turanci ba, don tausayinsa ya fi cizonsa yawa. Amma a Hausa babu abin da uban nan yake yi daga farkon sansanin har ƙarshe sai yaƙe. Ni ban ga laifi ba in iyakarmu ta bambanta da tasu kaɗan. Ba dole gonarmu ta yi daidai da ta maƙwabci ba.

Suka na biyu ya fi damuna, don na aiki ne. Yawancinmu a waya ba ma sa ƙugiya. Na so in ce "barkwancin yaƙe", amma in aka rubuta "barkwancin yake", mai karatu zai tsaya jiran ƙarashen jimla: barkwancin yake yi? barkwancin yake so? Wani kuma zai ɗauka kuskure ne, "yaƙi" aka nufa, tunda da yawansu na yaƙin ne. Wanda ya nuna wannan ya ce mu tsaya kan "barkwanci mai ɗaci", ba ya rikita kowa. Haka ne, sai dai bayani ne, bai kai suna ba, kuma duk wata raha mai zafi za ta shige ciki, har da gatse tsakanin kishiyoyi.

Mafitar da na gani ita ce a bar kalmar tare da abokiyar tafiyarta. "Dariyar yaƙe" magana ce da kunne ya riga ya saba da ita. Ko an rubuta ba ƙugiya, "dariyar" da ke gaba ta isa ta nuna hanya. Kuma ta bi sahun 'yan'uwanta ba tare da tuntuɓe ba: fim ɗin soyayya, fim ɗin ban tsoro, fim ɗin ban dariya, fim ɗin dariyar yaƙe. Haka "mai dogon zango" ta shigo, daga maganar matafiya, yau ba wanda ke tambayar me ake nufi.

Na gwada ta a baki: "Fargo na masu laifi ne, amma na dariyar yaƙe." "Kada ki kunna wa yara, ba na ban dariya ba ne, na dariyar yaƙe ne." "The Death of Stalin zambo ne cikin dariyar yaƙe." Duk sun tafi sumul, har ta ukun da ta raba mana rigimar da muka fi daɗewa a kai.

Don haka a jerin nawa na buɗe gida na huɗu da wannan suna, na kwashe su Kubrick da Tanović da Bong na zuba. Chaplin na bar shi a zambo. Benigni kuwa na sa shi, na cire, na sake sa shi, yanzu dai yana ciki.