Caravan: ayari ne ko ɗakin tafi-da-gidanka?

1/ Jama'a, na ci karo da wata fassara kan wasu dattawa a Ingila da suka je hutu bakin teku. Aka rubuta wai "sun ɗaura ayarinsu a bayan mota". Abin ya tsaya mini a rai, don mai karatu zai ɗauka raƙuma suka ja. Kalmar caravan ce ta ruɗi mai fassarar.

2/ Ma'anarta ta asali ba ta da gardama. Daga Farisanci karwan ta fito, ta bi ta Faransanci ta shiga Turanci a ƙarshen ƙarni na 16. A nan mun fi Bature wadata: ayari muke cewa, da madugunsa, da jagaba a gaba, da zangon da ake yada wa. Fataken da suka riƙa zuwa Salaga a ƙasar Gwanja sayen goro ayari ne, haka raƙuman gishiri tsakanin Agadas da Bilma. Ko dubban mutanen da suka taso a ƙasa daga Honduras a 2018 suka nufi iyakar Amurka, ayarin 'yan ci-rani ya zauna musu daidai.

3/ Inda gizo ke saƙar shi ne ma'ana ta biyu. A ƙarni na 19 Turawan Ingila suna kiran keken doki mai rufi, wanda ake kwana a ciki, da wannan suna. Yau kuma ɗaki ne mai taya, da gado da wurin girki, mota ke jansa. Ba shi da inji nasa.

Me za mu kira shi da Hausa? Tirela ba za ta yiwu ba, kowa ya ji ta babbar motar siminti zai hango. Kwantena kuma shago ne a bakin titi, ba ta motsi. In muka ce karaban, sai mun sake bayani.

4/ Ni dai na tsaya a kan ɗakin tafi-da-gidanka. Mun riga mun saba da kotun tafi-da-gidanka da wayar tafi-da-gidanka, alhali a can aron magana ne. A nan kuwa da gaske mutum ya tafi da gidansa. Mai inji a jiki sai mu ce motar tafi-da-gidanka, a raba su.

5/ Na san ɗakin tafi-da-gidanka ya yi tsawo a kanun labari. 'Yan uwa na Damagaram da Maraɗi, da kuke jin caravane a Faransanci, me kuke kiran wannan ɗaki a wajenku?