Mitar ruwa ta ƙi amsa min ta RS-485

Mai Gyaran Fanel:
Assalamu alaikum manyanmu. Ina aiki a wani gidan fiya wata, oga ya sayo mitar auna gudun ruwa ɗan China, yana so ya riƙa ganin lita nawa ke fita daga kwamfutar ofis. Mitar tana aiki lafiya, lambobi suna fitowa a allonta. Littafinta ya ce Modbus RTU take yi, wato ƙa'idar da na'urori ke musayar saƙo da ita, ta layin waya na RS-485, gudun ruwa kuma yana rajista 40101, wato gurbin da take ajiye lambar. Na haɗa wayoyinta biyu, A da B, da kwanbata mai shiga USB, irin mai CH340, Windows ta gan shi a COM3. Na buɗe manhajar QModMaster, na sa gudun sadarwa 9600, tsarin saƙo 8N1, adireshi 1. Duk abin da na tura shiru, sai dai lokaci ya ƙare ba amsa. Fitilar TX (ta turawa) ta kwanbatan tana ƙiftawa, RX (ta karɓa) ko motsi. Mitar ce ta lalace ko ni ne?

Tsohon Injiniya:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka yi saurin yanke wa mitar hukunci. Fara juya wayoyin, A ya koma wurin B. Kamfanoni ba su yi ittifaki kan wanne ne A wanne ne B ba, abin da wannan ya kira A wancan B yake ce masa, kuma juyawar ba ta ƙona komai. Sannan ka shiga saitin mitar ta maɓallanta ka duba da idonka, kada ka dogara da littafi. Ƙa'idar Modbus kanta 19200 da 8E1 ta ajiye a matsayin saitin asali, masu ƙera kaya ne da yawa suka koma 9600 da 8N1. In fariti, wato E ko N da ke tsakiyar 8E1 da 8N1, bai zo ɗaya ba, mitar za ta ɗauki saƙonka gurɓatacce, kuma a Modbus na'ura ba ta amsa gurɓataccen saƙo ko wanda ba adireshinta ba. Shiru kawai take yi.

Mai Gyaran Fanel:
Allah ya saka da alheri Baba. Na duba, 8E1 ne a ciki. Na gyara, na juya wayoyin, RX ta fara ƙiftawa. Amma amsar da ke dawowa ita ce 01 83 02 C0 F1, manhajar tana nuna kuskure.

Malama Mai PLC:
Malam, ai wannan albishir ne. Tunda ta amsa, waya da gudu da adireshi duk sun daidaita. 01 adireshinta ne, 83 kuma umarninka na 03 ne aka ƙara masa 80 don nuna an ƙi, 02 yana nufin ba ta da rajistar da ka nema. Wannan 40101 salon rubutu ne da aka gada daga Modicon, waɗanda suka fito da Modbus a 1979. Lambar 4 ta farko nau'in rajistar kawai take faɗa, ba a tura ta, kuma a kan waya ƙirga daga sifili ake farawa. Saboda haka 40101 ita ce 100, wato 00 64 a lissafin hex, mai tushe 16. Ka duba ko manhajarka daga 0 take ƙirga ko daga 1.

Kuma ka karanta rajista biyu, don gudun ruwa yawanci lamba ce mai ɗigo ta bit 32, rajista ɗaya kuwa 16 take ɗauka. A nan mutane suka fi shan wahala. Misali allon mita ya nuna 12.5, a kan waya 4148 0000 ke nan. Wasu mitoci suna fara turo 0000 kafin 4148. In manhajar ta haɗa su a haka, za ka ga wata lamba kusa da sifili, ka ɗauka ruwa ba ya gudu alhali tanki na cika. Sai ka canza tsarin daga ABCD zuwa CDAB, ka gwada da abin da ke kan allon har su zo ɗaya.

Tsohon Injiniya:
Malama ta gama magana. Saura ranar da za ka ja wayar zuwa ofis. RS-485 tana kaiwa mita 1200 a ƙaramin gudu, amma ba da wayar lantarki ta kasuwa ba. Nemi mai murɗaɗɗun igiyoyi biyu da rigar ƙarfe, ka ɗaure rigar da ƙasa a gefe ɗaya kaɗai. In mitar tana da GND na sadarwa, ja shi tare. Rizisto mai om 120 tsakanin A da B a kowane ƙarshen layi. Kuma in famfonku da inbata yake aiki, wato na'urar da ke sarrafa gudun motarsa, kada wayar ta bi bututu ɗaya da wayar motar famfon. Na sha ganin layi lafiya lau, ana tayar da famfo kurakuran CRC, wato alamar saƙo ya gurɓace a hanya, su cika allo.

Mai Gyaran Fanel:
Alhamdu lillahi, da 100 da CDAB lambar kwamfuta ta zo daidai da ta allo. Baba, famfonmu da inbata yake, kuma bututun da na yi niyyar bi ke nan. Ratar nawa ya kamata in bari tsakaninsu?