Ina neman kalma kafin gobe: abin da ke buɗe ƙwayar gado ya rufe ta

Maman Khalifa: Salamu alaikum malamaina. Gobe zan naɗi shirin rediyo na ranar sikila, 19 ga Yuni, na kuwa maƙale. Likita zai bayyana dalilin da jariri mai sikila ba ya fara ciwo sai wajen wata 6. Hemogulobin na tayi, wato furotin mai ɗaukar iskar oksijin a jinin ɗan tayi, shi ne ke kare shi, yana hana ƙwayoyin jini lanƙwashewa kamar lauje. Bayan haihuwa sai furotin BCL11A ya rufe ƙwayar gadon da ke yin wannan hemogulobin. Kalma biyu nake so: ta ɗauko saƙo daga DNA (zaren da ke ɗauke da bayanan gado) zuwa RNA (mai kai saƙon inda ake yin furotin), da ta furotin mai buɗewa ko rufewa.

Ɗan Samaru: Kwafi. DNA na zaune a cibiyar tantani ba ya fita, kwafinsa ake aikawa. Ɗayar kuma makunni.

Malam na Ƙofar Doka: Kwafi kuma? Kafin a kawo injin hoto, juyi ake yi a birnin nan. Ka aro littafi, ka juye da hannu, ka mayar wa mai shi. Juyi ne, mai yi kuma majuyi. Muna da namu, sai mu je aro.

Dakta ta Shika: Malam ya fi kusa. RNA ba hoton DNA ba ne sak, inda DNA ke da harafin T shi U yake sawa, kuma ba ya daɗewa ake rushe shi. Makunni ne ban yarda da shi ba, don abin ba kunna-kashe ba ne kawai, akwai ƙarawa da ragewa. Akwai wani yanki na DNA da kan zauna nesa, zaren ya lanƙwaso ya taɓo mafarin ƙwayar gadon, aiki ya ƙaru. Maganin Casgevy, da Ingila ta amince da shi a Nuwamban 2023, Amurka a Disamba, bai taɓa ƙwayar gadon sikilar ba sam. Irin wannan yanki na BCL11A yake yankewa, furotin ɗin ya ragu, hemogulobin na tayi ya dawo.

Malam na Ƙofar Doka: To ai zugazugi ke nan, Dakta. Ba shi ke kunna wutar maƙera ba, ruruta ta yake yi. Mai rufewar kuma takunkumi.

Bakanon Sabon Gari: Ka ce juyi a rediyo, rabin masu saurare waina za su tuna, rabi juyin mulki. Kuma tun yaushe Zagezagi, masu cewa "matana ya zo", suka zama alƙalan Hausa?

Ɗan Samaru: Ga bawanmu ya iso. Kai da ka zo Zariya neman ilimi, zauna ka koya.

Bakanon Sabon Gari: Hausar Kano ce a littafin da aka koyar da kai.

Malam na Ƙofar Doka: A Zariya aka buga littafin, je ka Tukur-Tukur ka tambayi tarihin Gaskiya. Ku dai ku riƙe majuyi.

Dakta ta Shika: Majuyi sai dai mu bar wa furotin da ake kira RNA folimares, shi ne ke rubuta RNA daga DNA. Wanda Hajiya ke tambaya ba ya rubutu, izini yake bayarwa ko ya hana.

Bakanon Sabon Gari: Dogari ke nan.

Maman Khalifa: Don Allah dare na yi. Zan ce juyi, wato kwafi, sau ɗaya a farko, daga nan in ci gaba da kwafi, don iyayen yara nake wa magana. Zugazugi na ɗauka. BCL11A zan kira shi takunkumi. Sunan da zai haɗa masu buɗewa da masu rufewa har yanzu babu.

Malam na Ƙofar Doka: Kin kawo juyi ƙofar gida kin bar shi a zaure. Ba komai, Allah ya ba da sa'a.

Bakanon Sabon Gari: Dogarin fa?

Maman Khalifa: Zan tambayi likitan da safe.