Ilimin sulalla: inda na tsaya kan kalmar da muke nema

Salamu alaikum jama'a. Makon jiya na tambaya me za mu kira abin da Bature ke ce wa numismatics, wato nazarin kuɗin ƙarfe da tara su. Amsoshi sun zo da yawa, rabi na gaske, rabi zolaya. Bari in faɗi inda na tsaya, wanda bai gamsu ba ya ja.

Ga wanda bai ga farkon zancen ba: bayan rasuwar kakanmu a Gangare, nan Jos, ana kwashe kayan ɗakinsa aka ci karo da gwangwanin madara mai nauyi. Tsohon leburan kuza ne, ba ya yar da komai. A ciki akwai anini, ɗari (rabin kwabo), kwabo mai huji, sisi biyu da dala guda. Kowa ya ce tarkace ne, ni na ɗauka. Wani kwabon na 1936 ne, ɗauke da sunan Edward na takwas, sarkin Ingilan da bai cika shekara a kan gado ba ya yi murabus. Ga tauraro mai tsini shida, ga rubutun Larabci a gefen hujin. Tun daga ranar cutar ta kama ni.

Wani dare Inna ta same ni da tocila ina leƙen kwabo, ta ce, "Kai kuma me kake yi haka kullum?" Na ce, "Inna, tara kuɗi nake yi." Ta ce, "Alhamdu lillahi, ka yi hankali. To a kawo na cefane." A nan na gane muna da matsalar suna.

"Ilimin kuɗi" da wasu suka kawo ya faɗi tun a ƙofa, don duk wanda ya ji zai zaci tattalin arziki ne ko aikin banki. "Nazarin tsofaffin kuɗi" ya fi kusa, amma tun canjin kuɗin 2023, ka ce tsofaffin kuɗi sai mutum ya tuna layin banki da tsohuwar dubu ɗaya. Ga kuma "tsohon kuɗi", wanda a bakinmu ɗan gidan da aka gaji arziki ne. "Tsaba" ma ta tafi, tunda tsabar kuɗi yanzu har takarda ta haɗa.

Saura biyu: kwandala da sulalla. Kwandala ta samu magoya baya, kuma ban raina su ba. Sai dai kalma ce da ta fi zama a bakin babu: ko kwandala ba ni da ita, bai ba ni ko kwandala ba. Jam'inta kuma nauyi gare shi. Gwada cewa "ilimin kwandaloli" sau uku ka ji. Sulalla kuwa tuni ta zama jam'in kuɗin ƙarfe gaba ɗaya, ana jin ta a rediyo, tsoho ya gane, yaro ya gane.

Wani malami da nake girmamawa ya ja ni a nan, kuma jan nasa mai ƙarfi ne. Ya ce sule daga shilin ɗin Ingila ya fito, kwabo goma sha biyu, ashirin ɗinsa fam guda. Ta yaya kuɗin Rumawa da aka buga shekara dubu biyu da suka wuce zai ari sunan kuɗin Turawan mulki?

Allah gafarta Malam, ai haka sunan kuɗi yake, ba ya zama inda aka haife shi. Ita kanta kalmar "kuɗi" asalinta jam'in "wuri" ce, shi ya sa har yau muke cewa wuri na gugar wuri alhali ba wanda ya taɓa sayen gishiri da wuri a cikinmu. Da naira ta zo a Janairun 1973, sulen Ingila ya tafi, sunan ya koma kan kwabo goma. Dinarin da muke lissafin nisabin zakka da mafi ƙarancin sadaki da shi, daga denarius na Rumawa ya samo suna. Dirhami daga drakma ta Girkawa. Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya buga dinarinsa na zinariya a shekara ta 77 bayan Hijira, rubutu zalla babu hoto, bai kuma ga laifin riƙe tsohon sunan ba. In dinari ya musulunta, sule ma zai iya zama Bahaushe.

Don haka: ilimin sulalla. Mai yin sa, ɗan sulalla, kamar yadda muke da 'yan gwal da 'yan canji. Wanda ya ce "kiwon sulalla" kamar kiwon tattabaru ya ba ni dariya, kuma da gaskiyarsa, don su ma cin kuɗi suke ba sa kawowa.

Sai rabe tsoho da tsoho. Aninin kakana tsoho ne, amma inji ya buga shi. Waɗanda aka buga da guduma, tun daga na Lidiya, a ƙasar Turkiyya ta yau, fiye da shekara 2,600 da suka wuce, zuwa na Girkawa da Rumawa, su na ke so mu kira sulallan dauri. Ba su cika zagaye sosai ba, hoton kan zame gefe, kuma da wuya ka ga biyu iri ɗaya sak.

Masu tambayar ta ina za su fara: ku fara da gwangwanin gidanku, sannan in kun shiga Abuja ku nemi gidan tarihin kuɗi na Babban Bankin Nijeriya. In sulallan dauri ne, ƙananan na tagulla na zamanin Kostantin, sarkin Rumawa, sun fi sauƙin kuɗi, don an buga su tuli. Kada shekara ta ruɗe ku. Dalar azurfar nan mai kan Mariya Teresa, sarauniyar Ostiriya, wadda matan Fulani ke ado da ita, 1780 ke jikinta, amma an ci gaba da buga ta da wannan shekarar har zamaninmu. Nauyinta kusan giram 28 ne. Kai ta ma'aunin 'yan gwal, ka kuma kara mata maganaɗisu, azurfa ba ta kama shi.

Kuma don Allah kada ku wanke. Ni na yi. Na sa toka da lemon tsami na dirje sisi ɗaya har ya yi ƙyalli, ina murna, ashe na kankare abin da 'yan sulalla ke biya dominsa, wannan duhu ko koren da shekaru ke shafa wa ƙarfe. Bature na ce masa patina. Tsatsa ba ta dace ba, don tsatsa cin ƙarfe take, wannan kuwa rufe shi yake. Wata 'yar'uwa ta kawo "rigar shekaru". Ban ƙi ba, ban kuma sa hannu ba tukuna. Wa ke da wadda ta fi ta?