Ta ina ake fara gina manhajar yanar gizo da yaren salon fankishin?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum. Na saba aiki da PHP da JavaScript, amma yanzu ina son gina ƙaramar manhajar rajistar ɗalibai da yaren furogiramin na salon fankishin. Zaɓin ya yi mini yawa, ga Haskell da Clojure, ga Elm da Elixir. Abin da ya fi ɗaure mini kai kuwa shi ne yadda shafi zai karɓi fom ya adana bayanai, alhali an ce a waɗannan yaruka ba a canza bayani bayan an ƙirƙire shi. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni.

Malam Injiniya:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Shawarata ka fara da Elixir tare da Phoenix, wato tsarin gina manhajar yanar gizo na Elixir. José Valim, ɗan ƙasar Burazil, shi ya ƙirƙiro Elixir, wanda ya kai siga ta 1.0 a 2014, kuma yana gudana ne a kan injin Erlang da kamfanin Ericsson ya gina domin na'urorin tarho, shi ya sa ɗaukar dubban masu shiga a lokaci guda ba ya ba shi wahala.

Game da abin da ya ɗaure maka kai, a Phoenix duk buƙatar da ta fito daga burauza ana naɗe ta cikin ƙunshin bayanai guda mai suna `conn`. Fankishin na farko zai karɓe shi ya duba ko mutum ya shiga da kalmar sirri, sannan ya fitar da sabon ƙunshi ya miƙa wa na gaba, shi kuma ya ƙara nasa, har a kai ga wanda zai haɗa amsar da za a mayar. Babu wanda ya taɓa ainihin abin da aka ba shi. Adanawa kuma aikin rumbun bayanai ne, galibi PostgreSQL ta hanyar Ecto, mai haɗa Elixir da rumbun, kuma can ne canji na gaskiya yake faruwa. Ka fara ƙwarewa a kan alamar `|>`, mai miƙa sakamakon wani fankishin ga na gaba, da daidaita siffar bayanai (pattern matching) kafin ka buga `mix phx.new`, umarnin fara sabon aikin Phoenix, domin wanda ya tsallake su kwafe kawai zai riƙa yi.

Uwar Ɗaki:
Malam ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ni da Elm na fahimci salon. Evan Czaplicki ya fitar da shi a 2012, kuma saƙonnin kuskurensa suna nuna maka layin da matsala take tare da shawarar gyara. Amma a burauza kaɗai yake aiki, don haka sai ka nemi wani yaren a ɓangaren saba (server), sannan bayan siga ta 0.19.1 a 2019 an shafe shekaru ba a ga sabuwa ba.

Mai Neman Sani:
Na gode ƙwarai. Malam, shin in shiga LiveView na Phoenix kai tsaye, tunda an ce yana rage rubuta JavaScript?

Malam Injiniya:
A'a, ka ɗan dakata. LiveView yana riƙe yanayin shafi ne a saba, kuma yana buƙatar haɗin intanet da ba ya yankewa, saboda haka idan ɗalibanka za su cike fom a waya inda sabis ke yawan ɗaukewa, fom na gargajiya ya fi maka aminci. Haskell kuma ka bar shi sai ka kammala wannan aikin.