Akwatin da ke koyon gano masu kutse: in saya ko in haƙura?

Baban Iman: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da kyamarorin tsaro, na'urar adana bidiyonsu da makullin ƙofa mai intanet a ofis. Wanda ya haɗa min ya ce in ƙara wani akwati da zai riƙa lura da bayanan da suke aikawa, ya koyi ɗabi'ar kowacce, in ya ga baƙon abu ya yi gargaɗi. Kalmomin sirri duk na canja tun ranar farko. Akwai wanda ya gwada?

Sarkin Waya: Wa alaikumus salam. Canja kalmar sirri kawai, Malam. Mirai, wata muguwar manhajar kutse, a 2016 da kalmomin sirrin masana'anta kusan 60 ta kame kyamarori, aka yi amfani da su aka kai wa Dyn, kamfanin da ke haɗa sunayen shafuka da adireshinsu na intanet, hari, Twitter da Netflix suka ƙi buɗewa a Amurka.

Baban Iman: Ai na ce na canja.

Maman Sadiq: Ɗan'uwa, ni na sa, kuma har yau raina a ɓace yake. Aka ce in bar shi ya yi koyo kafin ya fara aiki. Ashe tun kafin a kawo shi an riga an shiga na'urar bidiyon, tana ta aika bayanai waje dare da rana. Akwatin ya ɗauka haka halinta yake, tamkar karen da ya taso ya tarar da ɓarawo a gida. Bai taɓa ƙorafi a kanta ba. Ranar da wata kyamara ta sabunta manhajarta kuwa, nan take ya yanke mata intanet. Mai ba ni intanet ne ya sanar da ni ana kai hari daga layina. Na kira kamfanin akwatin, suka ce laifina ne da ban wanke na'urorin ba kafin koyon. Wa ya gaya min?

Injiniya: Hajiya, wannan matsalar sananniya ce. Sai an mayar da kowace na'ura yadda ta fito daga masana'anta, an sabunta ta, sannan a fara koyon. Kuma ba sai an biya ba, manhajojin lura da zirga-zirgar bayanai irin su Suricata da Zeek kyauta ne.

Sarkin Waya: Kyauta ga wanda ya iya layin umarni, wato rubuta wa kwamfuta umarni da hannu. Akwatina kuɗin wata-wata ne, in ka daina biya ya yi shiru.

Maman Sadiq: Ni sau ɗaya na biya. Kuma Injiniya, kai a takarda ka karanta, ni a jikina na ji.

Ɗan Auta: Ni ƙwan fitilata mai intanet ba ta ma jin maganata, balle ta ɗan kutse 😂

Injiniya: Suricata dai da alamomin harin da aka riga aka sani ya fi aiki. Mai koyo shi ke iya kama sabon hari, amma ƙararrawar ƙarya ta fi yawa a wajensa.

Maman Sadiq: Abin da ya fi ci min rai ma, masu ƙera kyamarata sun daina fitar da sabuntawa, alhali lafiyarta ƙalau.

Sarkin Waya: Birtaniya tun Afrilun 2024 ta wajabta su faɗi tsawon lokacin da za su riƙa sabuntawa. Tawa ko sunan kamfani babu a jikinta.

Baban Iman: To yanzu ta yaya zan san ko tawa ma sun daina?